Taubashina Ya Tafi Landan da Fannina

Gidan kakanmu yana Zaitawa, kuma asalinmu Barebari ne, ko da yake a lokacin da na yi wayo ba mai jin Barbarci sosai a gidan sai shi kakan da wata ƙanwarsa tsohuwa da muke kira Iya. A nan muka tashi ni da ɗan gwaggona. Mahaifinsa falke ne, ya rasu a hanyar Gwanja yaron yana goye, sai gwaggo ta dawo gida da shi, ba ta sake aure ba. Na girme shi da 'yan watanni. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato taubasai, saboda haka tun muna tsere a lungu nake ce masa bawa, shi kuma yana ce mini ubangida, har muka girma sunayen suka bi mu.

A zauren kaka muka yi allo, tare aka kai mu elemantare, tare muka yi midil, tare muka gama makarantar Larabci da shari'a, aka ba kowannenmu aji yana koyarwa. Duk tsawon wannan tafiya ni ne a gaba. Ba yabon kai ba ne, shi ma bai taɓa musu ba. Ni kullum ina manne da littafi. Shi kuwa da an tashi sai ya hau kekensa ya nufi Sabon Gari wajen 'yan ƙwallo da akawunan kantuna, ya dawo da buɗu-buɗun ƙafa da Turanci a baki.

A shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, gwamnati ta shiga neman 'yan Arewa da za ta tura ƙasashen waje su ƙaro karatu. Muka zauna jarrabawa mu biyu, muka ci, aka kira mu Kaduna don a gan mu ido da ido. Na shiga gaban Turawa da manyan malamai, aka yi mini tambaya da Turanci. Na san amsar kamar yunwar cikina, amma harshena ya ƙi. Na yi ta haɗa magana a zuci ina rushewa, har mai tambayar ya duba agogonsa. Da shi ya shiga, ina zaune a baranda ina jiyo dariyarsu ta taga. Ba mu daɗe da dawowa ba labari ya zo, shi aka ɗauka.

Da a ce an ɗauke shi an ce ga inda za ka, ga abin da za ka karanta, ina jin da na haɗiye abin na wuce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zaɓin da aka ba shi. An ce in yana so ya tafi Masar ya zurfafa a Larabci da adabinsa, ko Sudan ya koyi dabarun koyarwa, ko kuwa Landan, a can ma ya zaɓa tsakanin dokar Turawa da ilimin harsuna. Aka ce ya yi shawara da magabatansa, ya ba da amsa kafin damina ta wuce. Mutumin da ko hula ba ya iya zaɓa a kasuwa sai na raka shi, shi aka shimfiɗa wa duniya aka ce ya ɗauki wadda ta yi masa.

Gida ya rabu. Gwaggo ta ce Masar, ba ta ma son jin wata maganar.

"Ƙasar Musulmi ce," in ji ta. "Ana kiran salla yana ji. Daga can Makka nan ce da nan. Ni ba zan kai ɗana inda ake cin alade ba, ya dawo mini da mace mai gashi kamar gemun masara."

Mahaifina, wanda ƙaninta ne, dillalin goro ne a Kurmi, kuma yana jin abin da ake faɗa a kasuwa. Ya ce, "Yaya, Larabci ai ga shi nan a zaure, kyauta. Turawan nan tafiya za su yi. Ranar da suka tashi, wanda ya san dokarsu shi zai hau kujera. A bar yaro ya tafi Landan ya karanto doka."

Kaka bai goyi bayan kowa ba. Ya ce shi ba ya yi wa mai gemu zaɓi, amma ba wanda zai bar gidansa zuwa wata ƙasa sai ya zo gabansa ya faɗi dalili.

'Yan barka suka yi ta zuwa. Su gaishe da gwaggo, su shafa kan ɗanta, sannan su juyo gare ni su sassauta murya kamar masu ta'aziyya, su ce, "Kai ma Allah ya kawo naka rabon." Wasu su ce tafiyar ɗaya ai tafiyar duka ce. Nakan ce amin, in yi murmushi har kumatuna su gaji. Mahaifina, wanda bai taɓa tambayata me nake koyarwa ba, ya koma kiran ɗan 'yar'uwarsa su ci tuwo a akushi ɗaya, yana tambayarsa yadda lauyoyi suke sa tufafi. Ina daga gefe ina lura da tsokar da yake tura masa gabansa. Ina da aure a lokacin, ina da gemu, amma sai da na lura da tsokar nan.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ya same ni ina gyaran aikin yara ya ce, "Ubangida, wai a cikin ukun nan ina aka fi buga ƙwallo?"

Na ce, "Bawa, tafi ka ba ni wuri."

Ya yi dariya ya tafi. Amfanin taubashi ke nan, kana iya gaya masa maganar da ta fito daga ƙasan zuciyarka, kowa ya ɗauka wasa ne, har shi.

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne ni na daɗe da yin zaɓina. Tun ina yaro nakan zauna kusa da Iya tana kaɗi, in ta yi faɗa da Barbarci in tsinci wata kalma da ta yi kama da tamu. Na ji yadda take kiran kasuwa, na ji yadda take kiran birni, na ga bambancin kaɗan ne. Da na girma na lura da sarautun da muke ji kullum, Galadima da Ciroma da Yarima, duk tana da su a bakinta. Har karatu da rubutu, in ta faɗe su da harshenta, sai ka ji kamar muryar ɗan'uwa ta bayan katanga. Na ƙudura a raina cewa Hausa da Barbarci uwa ɗaya ta haife su, kuma ni ne zan nuna wa duniya haka. Wani malaminmu ya taɓa gaya mana cewa a Landan akwai makarantar da ba abin da ake yi a cikinta sai nazarin harsunan mutane irinmu. Tun ran nan na san inda za ni da abin da zan karanta. Hanyar ce kawai ban samu ba.

Wata ranar Laraba bayan la'asar taubashina ya zo ya ce in raka shi mu hau Dala. An yi ruwa da safe, hanyar da santsi, muka hau muna dafa duwatsu. Daga sama gari ya yi luf, rufin soraye ya yi duhu da danshi, kududdufai sun cika suna ƙyalli, can wajen Ƙofar Ruwa ana shigowa da jakuna. Ya samu dutse ya zauna.

Ya ce, "Wallahi tsoro nake ji."

Na ce, "Tsoron me? Jirgi?"

"Ban san abin da nake so ba. Inna ta ce Masar, Kawu ya ce doka. In na tuna zan shekara uku ina haddace dokokin Turawa sai in ji kaina yana sarawa. In na je gaban Kaka me zan ce masa? Kai ya kamata a ɗauka, kowa ya sani. Ni bakina ne ya ja mini."

Na zaci in ya faɗi haka zan ji sanyi. Sai na ji abin ya ƙara ci na. Ga mutum da tuwo a gabansa yana kukan bai san ta inda zai fara ba, ya kuma rasa wanda zai kai wa kukan sai mai jin yunwa.

Ya ce, "In da kai ne fa? Tsakani da Allah, ina za ka?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Amma abin ya daɗe a cikina, kuma ba wanda ya taɓa tambayata. Na fara da kaɗin Iya, na bi ta kan kasuwa da birni da sarautu, na gangaro kan karatu da rubutu. Na ce a duba, mutanen da suka ba ka kalmar karatu ai su suka kawo maka karatun. Na ce Larabci yana da masu yi masa hidima tun daga Masar har Bagadaza, doka tana da lauyoyinta, amma harsunanmu ba su da kowa sai tsofaffin da ke mutuwa da su. Na miƙe tsaye ina magana ina nuna gabas da hannu, ban san na miƙe ba. Sai da aka kira magariba na tsaya. Yana zaune ya zuba mini ido, baki a sake.

Ya ce, "Ashe haka abin yake."

Muka sauko.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kaka ya tara mu a zaure. Yana kan buzunsa, mahaifina a damansa, gwaggo da Iya suna daga bakin ƙofar cikin gida inda za su ji. Ya dubi jikansa ya ce, "To, angon ƙasashe, ina muka nufa?"

Ya gyara zama ya ce Landan, ilimin harsuna. Mahaifina ya ɓata fuska, gwaggo ta fara salati. Sai ya shiga kawo dalili. Ya fara da kaɗin Iya. Ya bi ta kan kasuwa da birni da sarautu. Ina zaune ina jin maganata tana fitowa daga bakin wani, a jere yadda na jera ta, sai dai ta fi daɗi, don shi ba ya in'ina, kuma ya san inda ake dakatawa a bar magana ta shiga. Da ya zo wurin da ya ce waɗanda suka ba ka kalmar karatu su suka kawo maka karatun, na ga kaka ya ɗaga kai. Tsohon nan ya yi shekaru yana jin ana tsokanar Barebari a majalisa, yau ga jikansa zai haye teku ya tabbatar wa Turawa cewa daga Barno alƙalami ya shigo. Idonsa ya ciko. Ya yi wata magana da Barbarci, Iya ta amsa daga bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi.

Ba zan zalunce shi ba, bai ɓoye ba. Da ya gama ya nuna ni ya ce, "Duk wannan fa ubangidana ne ya koya mini."

Aka kwashe da dariya. Mahaifina ya ce, "Ka ji bawan kirki, ko ya yi arziki ba ya manta ubangida." Aka wuce wurin. Kaka ya sa albarka, gwaggo ta haƙura bayan an yi mata alkawarin ba zai ci naman da bai ga yankansa ba, aka shafa fatiha.

Na same shi a ƙofar gida yana kwance kekensa. Na ce, "Ka ɗauke mini."

Ya tsaya. "Na ɗauke maka me?"

"Ka sani."

Ya jingine keken. Ya ce, "Na zaci ba ni ka yi. Wallahi na zaci ba ni ka yi. Tun da ka yi maganar nan a kan Dala ban ƙara jin tsoro ba, shi ya sa. Amma ban aika amsa ba tukuna. In ka ce in bari, gobe in gaya wa Kaka na koma doka. Kai dai ka faɗa."

Na so in ce ya bari. Kalmar tana kan harshena. Amma in ya bari ba ni za a ba ba, kuma sai in koma zaure in tsaya gaban tsohon da ya yi hawaye in ce masa ni na hana. Na ce, "Tafi da shi. Fanni ai ba rigar mutum ɗaya ba ce."

Ya ce, "Har zuciya?"

Na ce, "Bawa, kada ka dame ni."

Ban san akwai sauran aiki a gabana ba. Kaka ya gano cewa mai shirin zuwa Landan ya kare martabar Barbarci ko gaisuwa bai iya da shi ba. Ya kira ni ya ce tun da na fi shi zama wurin Iya, in riƙa zaunar da shi kullum bayan la'asar ina fassara masa. Haka muka ƙare daminar, mu uku a rumfar Iya, tana faɗa, ina warwarewa, yana maimaitawa. Abin haushin, kansa yana ja. Abin da na yi shekaru ina tsinta ɗaya-ɗaya, shi sai ya kwashe a zama guda, har ya juya ya tsokani Iya da shi ta bi shi da mazari. In ya yi kuskure nakan ji wani ɗan daɗi, in gyara masa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Kuskuren ma bai cika yi ba.

Ni na raka shi wurin tela a Sabon Gari aka auna shi kwat, ni na riƙe masa madubi. Ranar tafiya ni na ɗauki akwatinsa zuwa tasha, don jirgin ƙasa zai bi zuwa Ikko, daga can ya shiga na ruwa. Gwaggo ta cusa masa kilishi da yaji da dakakkiyar kuka kamar mai zuwa yaƙi. Da jirgi ya yi kuka ya leƙo ta taga ya ce, "Ubangida, baɗi sai ka biyo ni."

Na ce, "In Allah ya so."

Ban bi shi ba. Da shekara ta zagayo mahaifina ya kwanta ciwo, rumfar goro da gidan suka dawo kaina, ina koyarwa da safe ina kasuwa da yamma. Da ya samu sauƙi aka ce shekaruna sun haura abin da ake ɗauka. Kaka ya rasu a shekara ta biyu da tafiyar, Iya ta bi shi ba da jimawa ba. In wasiƙar taubashina ta zo ni nake karanta wa gwaggo, in karanta mata labarin sanyi da hazo da dankali, in tsallake inda yake ba ni labarin malamansa, don wannan nawa ne, kuma ba na iya karanta shi da ƙarfi.

A raina na riƙa cewa ai ba zai jure ba. Na san shi, abin da ya ɗauka da zafi yakan ajiye da wuri. Ina jiran ranar da za a ce ya koma doka, ko ya dawo hannu rabbana. Ban taɓa roƙon haka ba, amma ina jira.

Ya dawo ana gab da samun mulkin kai, ya rame, ya yi haske, ya sa tabarau. Bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu ya zo ɗakina da yamma da wani littafi mai kauri a hannu. Muka taɓa wasa kaɗan, sannan ya ce, "Akwai maganar da nake ta jinkirin gaya maka. Ban so in rubuto ta ba."

Na ce ina ji.

"Hausa da Barbarci ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ko dangi ba su haɗa ba. Maƙwabta ne da suka daɗe suna aron kaya. Kalmomin nan naka duk gaskiya ne, daga Barno suka shigo, amma aro ne. In asali ake bi, Hausa ta fi kusa da harshen Buzaye, har ma da Larabci ta can nesa, fiye da Barbarci."

Na ce ba zai yiwu ba. Na kawo masa hujjojina na dā, ya saurara har na gama. Sannan ya buɗe littafin ya nuna mini cewa ba a gane dangantakar harsuna da kalmomin kasuwa da sarauta, don waɗannan yawo suke yi da fatake. Ana duba abin da ba a aro, kamar yadda ake cewa ni da kai, da yadda Hausa take raba namiji da mace a magana alhali Barbarci ba ruwansa da wannan. Ya ce in tuna yadda Iya take ce wa mace "ya zo" in tana Hausa, muna yi mata dariya. Na tuna. A gabana ta yi ta faɗa shekara da shekaru, ban taɓa tambayar dalili ba.

Yana magana yana bin shafin da yatsa. Ya manta da shayin da aka kawo masa. Na dube shi na ga ba riƙon amana yake yi mini ba, abin ya zama nasa, yana son sa, ya kuma san shi fiye da yadda zan taɓa saninsa. Kishin da na yi a baranda a Kaduna da wanda na yi a zaure duk ƙanana ne a kan na wannan yammacin. Amma kuma ban so ya yi shiru ba. Na yi ta jefa masa tambaya, yana amsawa, har matata ta leƙo ta ce tuwo zai huce.

Da zai tafi na ce ya bar mini littafin. Ya ce Turancinsa da tauri. Na ce ya bari dai. Na ci rani guda ina fama da shi da ƙamus a gefe, wani shafin sai na kwana uku a kansa. In na maƙale ba na zuwa wurinsa nan da nan, sai na gaji da juyawa, sannan in hau keke in same shi a makarantar da aka ba shi koyarwa, in jira a baranda har ya sallami ɗalibansa.